Abin da Wayar Malam Shitu Ta Ji

Ranar da wayar nan ta shigo Kibiya, Alaramma Sallau yana cikin mutanen farko da suka ɗora ido a kanta, kuma in za a faɗi gaskiya babu wanda ta tafi da hankalinsa kamar shi. Alhamis ce, makarantarsa a rufe, sai ya tuƙo kekensa daga Unguwar Gai zuwa gidan amininsa Malam Shitu kamar yadda ya saba. Ya tarar da zaure cike, manya da gemunsu sun yi da'ira sun sunkuya kamar an fito da jariri ranar suna.

Jabiru ne ya kawo ta, babban ɗan Malam Shitu, mai shagon waya a Rano. A makon nan ne ma masu ƙera ta suka sanar da fitowarta, rediyo na ta kwarmata tallarta safe da yamma. Jabiru ya ce ko a Kano ƙalilan ne suka shigo, shi kuwa ya yi wuf ya kama ɗaya ya kawo wa mahaifinsa. Yana faɗa yana ɗaga kafaɗa, sai ka rantse a shagonsa aka haɗa ta.

Alaramma ya jingine keke, ya yi sallama, aka matsa masa. Shi tasa wayar 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure ta da roba don kada murfin ya faɗi, lambobin jikinta duk sun goge. Ya karɓi sabuwar da hannu biyu, ya juya gaba ya juya baya. Baƙa ce wuluk, sumul, ba nauyi.

"To, ina madannan?" ya tambaya.

"Babu, Baba Alaramma," in ji Jabiru. "Fuskar ce gaba ɗaya. Shafa ta ake yi."

"Shafawa? Kamar kan maraya?"

Zaure ya ɗauki dariya. Jabiru ya karɓa ya miƙa wa mahaifinsa, Malam Shitu ya ɗora babban yatsa, nan take ta haska. Jabiru ya yi bayani cewa ta haddace yatsan mai ita, ko ɓarawo ya ɗauka sai dai ya yi madubi da ita, ba za ta buɗe wa kowa ba sai Malam. Wannan ya burge Alaramma ƙwarai. Ya ce ashe har cikin kayan ƙarfe akwai mai amana.

Ya goge hannu a jikin riga, ya yi bismilla, ya dangwala. Shiru. Yatsun nasa sun sha noman albasa a fadama, sun yi kanta, wayar ba ta ma san an taɓa ta ba. Ya ƙara dannawa da ƙarfi kamar mai gwada nunar mangwaro, Jabiru ya yi saurin riƙe masa hannu ya ce a hankali ake bi da ita. Da ya bi a hankali sai fuskar ta zame gefe, wata ta maye gurbinta. Ya ƙara, ta ƙara zamewa. Can ya taɓo wani wuri sai ga wani tsoho mai furfura ya zuro masa ido daga ciki.

"Wannan dattijon fa, daga ina?"

"Kai ne, Alaramma," in ji Malam Shitu, yana dariya har da share hawaye. "Yau ka gamu da wanda muke fama da shi."

Da Jabiru ya buɗe masa mus'hafin da ke ciki kuwa, janye hannu ya yi da sauri, ya harari yaron ya ce ai da ya faɗa masa tun farko da ya sabunta alwala. Amma bai iya ɗauke ido ba. Baƙi tar-tar, wasali a fili, in ka buɗa yatsu biyu sai kalma ta girma kamar an matso da ita. Shi da ya daɗe yana cewa waya ce ta lalata tarbiyyar yaran zamani, ga shi ya saki baki.

Kafin a ci gaba sai an san abin da ke tsakanin mutanen nan biyu. Tsangaya ɗaya suka tashi, Sallau ya bi hadda, Shitu ya bi littattafai. Tun gemunsu yana baƙi, duk azumi bayan la'asar Malam Shitu ke tafsiri a masallacin unguwarsu, Alaramma Sallau ke ja masa baki: shi zai karanto aya, Malam ya fassara wa jama'a. Kuma Alaramma bai taɓa buɗe takarda a gabansa ba, da ka yake ja. Har daga Zinyau mutane kan hawo babura don su ji muryarsa. Ba shi da babbar gona, ba shi da gidan bulo, bai taɓa zuwa Makka ba. Abin da yake da shi a duniya wanda ake ambatarsa da shi, shi ne wannan wurin zama a hannun daman Malam Shitu.

Sai dai 'yan shekarun nan harshe ya fara yi masa gardama. Akwai ayoyin da suke kama da juna, wata a wannan sura wata a can gaba, sai ya kamo ɗaya ya zame cikin 'yar'uwarta bai sani ba. Duk sanda haka ta faru, Malam Shitu zai ɗaga hannu kamar wanda daɗi ya kama, ya ce, "Allahu Akbar! Alaramma, maimaita mana wannan," sannan ya ɗan jefa kalmar da ta dace cikin gyaran murya. Alaramma ya koma baya ya ɗauko daidai. Jama'a su yi kabbara, a zatonsu Malam ne ya ji aya ta taɓa masa zuciya. Ba su taɓa tayar da maganar nan a tsakaninsu ba, ko da wasa. Alaramma ya sani, Malam ya san ya sani, kuma a wurin Alaramma wannan shirun ya fi masa duk wata kyauta da aka taɓa yi masa.

To, ranar nan bayan azahar mutane suka watse, aka bar su su biyu da Jabiru. Malam Shitu ya ce, yana kallon tabarma, wai Jabiru ya ce wannan wayar kunne gare ta na ban mamaki, ko motsin tasbaha sai ta ɗauka.

"Mu gwada ta mana, Alaramma. Ga azumi ya ƙarato. Ja mana daga inda muka tsaya bara, mu ji ko gaskiya yaron nan yake faɗa."

Alaramma bai jira a roƙe shi sau biyu ba. Jabiru ya nuna wa mahaifinsa jan ɗigon da zai taɓa, ya ɗora wayar a kan matashi tsakaninsu, ya fita. Alaramma ya gyara hula, ya tanƙwashe ƙafa, ya lumshe ido, ya fara.

Ya ja karatu mai tsawo. Muryar ta buɗe masa ranar kamar ta shekarun baya, numfashi ya isa, ga zauren shiru sai kukan kurciya a kan darbejiyar ƙofar gida. Yana yi yana kasa kunne ta gefe guda, yana jiran "maimaita mana". Bai ji ba. Ya wuce wuraren da ya san suna masa wuya, bai ji ba. Da ya kai aya ya buɗe ido, Malam Shitu na nan zaune kansa a ƙasa, bai ce uffan ba tun farko har ƙarshe. Wani farin ciki ya cika Alaramma har wuya. A ransa ya ce, ashe da sauran ƙarfina.

"Kunna mu ji, Malam."

Malam Shitu ya kunna farkon. Sai ga muryar ta fito tas, babu shuu, babu kara, kamar wani Sallau na biyu yana zaune a kan matashin. Alaramma bai taɓa jin kansa haka ba. Lasifikar masallaci kullum sai ta mayar da muryar mutum kamar ta cikin randa. Idonsa ya kawo ruwa. Ba a yi nisa ba ladan ya kira la'asar, Malam Shitu ya yi maza ya kashe, ya ce sa ji sauran wata rana.

A gida matarsa Bara'atu ba ta sami sukunin tankaɗe ba don labari. Ya kwatanta mata santsin wayar, ya kwatanta mata yadda ta san yatsan mai ita, ya ce in an mutu ma jikoki za su ji karatun kakansu. Ta dube shi ta ce, "Kai ne kuwa, Alaramma? Ba kai ka ƙwace ta Muhsina ka kulle a akwati ba?" Muhsina ita ce autarsu. Ya ce wannan daban take, wannan ta malamai ce. Har ya ce in albasa ta yi kyau bana, wa ya sani.

Sha'aban ya kusa ƙarewa, wata safiya da hantsi, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Alhaji Isiyaku ne, shugaban kwamitin masallaci, da ƙunshin shadda da buhun sukari ɗaure a baya. Alaramma ya shimfiɗa masa tabarma, a zatonsa gaisuwar azumi ce aka kawo da wuri. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi farashin taki. Alhaji Isiyaku ya yi ta kewaye-kewaye har maganar taki ta ƙare, sannan ya murza hula ya ce kwamiti ya zauna, ya duba ɗawainiyar da Alaramma ya sha, kullum a kan keke da azumi a baki, an ga ya kamata bana a hutar da shi. Mujahid, ɗan ƙanwar Malam Shitu da ya gama karatu ya dawo, shi zai ja baki.

Alaramma ya yi murmushi, don bai fahimta ba tukuna. "Alhaji, ni na kawo muku kukan gajiya? Keken nan ai shi ke riƙe da lafiyata. Karatu kuwa, je ka tambayi Malam. Kwanan nan na ja masa a zaurensa, ko sau ɗaya bai tsayar da ni ba."

Alhaji Isiyaku ya sunkuyar da kai. "Shi ɗin ne muka ji, Alaramma."

"Kuka ji? A ina?"

"A wayar Malam. Bayan sallar Juma'a ya ce mu tsaya. Aka buɗe mus'hafi, liman yana bi da yatsa." Sannan ya ƙara da abin da ya fi kyau a ce ya haɗiye. "Sau biyu aka kunna, don kada a zalunce ka. Wurare ne da dama. Akwai inda ka bar surar gaba ɗaya ka shiga wata, ka yi nisa a cikinta."

Kunnuwan Alaramma suka yi ɗum. Ya nemi abin kamawa, ya kamo Jabiru. Yaro ne ɗan kasuwa, mai son a ga kayansa, ƙila shi ya ɗauka ya kunna don burge dattawa.

"Jabiru ne ya kawo muku ko?"

"Jabiru yana Rano. Ai ka san wayar nan ba ta buɗewa sai da yatsan mai ita."

Bayan tafiyar baƙon, Alaramma ya daɗe zaune da shadda a gefensa, bai ko kalle ta ba. Ba sauke shi ne ya fi ƙona masa rai ba, ko da yake wannan ma da zafi. Shirun nan ne. Shirun da ya ɗauko daga Kibiya a kan keke yana murna da shi, ya shigo da shi gida ya yi wa matarsa alfahari. Ashe Shitu yana ji, yana gani yana faɗawa rami, ya kame bakinsa da gangan don wayar ta cika cikinta. Cin amana ne, ba shi da wani suna, kuma Alaramma ya ji shi a ƙirji kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Bara'atu, wadda ta ji komai daga bayan danga, ta fito ta ɗauke buhun sukarin daga gabansa.

Bai jira Alhamis ba. Washegari da safe ya bar manyan ɗalibai da makaranta ya hau keke. Ya sami Malam Shitu shi kaɗai a zaure, littattafai a buɗe yana shirin azumi, wayar a gefen gwiwarsa cikin sabuwar riga ta fata. Da ya ga mai sallamar sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba. Suka gaisa gajeriyar gaisuwa irin ta mutanen da suka haɗu a tasha.

"Malam, tambaya ɗaya na zo da ita," in ji Alaramma. "Ranar da ka ce in ja maka, ka riga ka san inda za ka kai shi?"

Malam Shitu ya ce, "Na sani."

"To, alhamdu lillahi. Da ma abin da nake so in ji ke nan."

"Alaramma, zauna ka saurare ni. Yanzu ba da ba ne. Samarin nan da ke sahun baya kowa da waya a hannu, kana ja suna bi. Bara har gida wani ya same ni. Kuma ni kaina ina jin tsoron Allah. Ba kullum nake cafkowa ba, wani lokacin sai ka wuce nake ankara. Kalmomin nan ba nawa ba ne, ba naka ba ne."

"Wa ya musa maka wannan? Ni ne zan so a karanta wa mutane abin da ba shi ba?" in ji Alaramma. "Ga ni, ga ka, ga zaure. Da ka rufe ƙofa ka ce, Sallau, ka fara zamewa, wallahi da ƙafata zan sauka. In je in ce musu ƙirji ya dame ni, su yi mini addu'a, in koma sahu in zauna da mutuncina. Me ya kai liman ciki? Me ya kai Isiyaku?"

"Na nemi bakin da zan faɗa maka na rasa. Sau nawa kana zuwa nan in shirya magana, in na ga fuskarka sai in kasa. Ita wannan," ya nuna wayar da haɓa, "ba ta jin kunyarka."

"Ai sai ka kunna mini ni kaɗai."

Malam Shitu ya shafa gemu, ya dubi ƙofa, ya dubi littattafansa. "Mujahid ɗan ƙanwata ne, Alaramma. Da ka sauka shiru ya hau, ka san mutanen garin nan. Cewa za a yi na ture aminina don in ɗora jinina. Dole ne su ji da kunnensu."

Alaramma ya gyaɗa kai a hankali. Wannan ce amsar, sauran duk ado ne. "Wato ka wanke sunanka da nawa."

Sannan ya nuna wayar.

"Kunna mini. Kowa ya ji, ni mai karatun ban ji ba. Kai ni wurin da Isiyaku ya ce na bar sura."

Malam Shitu ba ya so, amma ya ɗora yatsa, ta buɗe. Ya ja wani siririn layi da ke ƙasa har ya kai inda yake nema, bai ko yi laluben wurin ba. Muryar ta cika zauren, tas kamar ranar farko. Alaramma ya bi ta da leɓe. Sai ga wurin ya zo, ya ji harshensa ya taka kalmar da ba ita ba, ya zame. Jabiru bai yi ƙarya ba, wayar kunne gare ta. Daidai nan, a bayan karatun, ana jin wani mutum ya ja numfashi da sauri, ya fara "Alla…", sannan ya datse. Ana jin motsin tabarma, kamar an mayar da hannun da aka fara ɗagawa. Muryar tsohon kuwa ta ci gaba da tafiya cikin surar da ba ita ba, tana ƙara daɗi, tana ƙara sakewa, cike da jin daɗin kanta.

Wannan jin daɗin ne ya kasa jurewa. Ya ce, "Ya isa."

Ya miƙe ya nufi lungun zauren, inda buzunsa ke rataye a ƙusa. Tun shekarar da suka fara tafsiri a nan yake ajiye shi, don kada ya riƙa jigilarsa a keke, har gashin tsakiyarsa ya ƙare saboda zama. Ya sauke shi, ya karkaɗe, ya naɗe, ya fita ya ɗaure a bayan keke. Igiyar ta ƙi ƙulluwa sai da ya sake.

Malam Shitu ya biyo shi yana neman takalmi da ƙafa. Bai taɓa barin Alaramma ya tafi ba tare da ya taka masa zuwa bakin titi ba, ko ana ruwa.

"Bari in raka ka, Alaramma."

Alaramma ya riƙe kan keken, bai waiwayo ba.

"Koma ka zauna, Malam. Hanyar gidana ce. Ita kam ban manta ta ba tukuna."